Turakun Filin Yaya

Umma,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki, ta sassauta? Ina fata kina shan maganin, ba ajiye shi kike yi a ƙarƙashin filo ba kamar yadda kika saba.

Takarar kansila da nake yi tana nan tana ci gaba. Na rufe shagon ɗinki na koma bin gida-gida, har takalmina ya buɗe baki. Abin da nake faɗa wa mutane ɗaya ne: unguwa ta girma, amma ba a kan hanyar ruwa ba. Kwarin bayan kasuwa a bar shi a dasa itatuwa, filin tsohuwar masaƙa da ke zaune a banza kuma a gina ƙananan gidaje masu sauƙin haya.

Matsalar ita ce, Umma, filin Yaya yana tsakiyar kwarin nan. Kin san shekarun da ya yi yana tuƙin mota kafin ya same shi, ga yara sun cika ɗaki biyun da yake haya, babbar har ta fara jin kunyar kwana cikin ƙanne. Tun da ya ji maganata ya daina amsa gaisuwata. Na aika abinci, aka dawo mini da kwanon ko buɗe shi ba a yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba zan iya canza baki ba.

Ki sa mu a addu'a.

Autarki

Umma,

Bayan gaisuwa da tambayar jikinki, na gode da saƙon addu'arki.

A taron filin makaranta wani ɗan adawa ya miƙe ya tambaye ni ko zan hana ɗan'uwana na jini gini. Yaya yana zaune a bencin baya, hannu a haɓa. Na ce zan hana, domin ruwa in ya zo ba ya tambayar ɗan wane ne a ɗaki. Ya tashi ya fita. Na ce a raina shi ke nan, na rasa yaya.

Washegari da safe ina shara sai na ji ƙarar ƙarfe a ƙofar gida. Turakun da ya kafa a kusurwoyin filinsa ne ya tumɓuko, da laka a jikinsu, ya zube mini. Ya ce ya je ya tsaya a wurin bayan ruwan shekaranjiya, ya nutse har gwiwa, kuma ba zai kwantar da 'ya'yansa a tafki ba. Ya ƙara da cewa in na ci zaɓe kada in kuskura in sa shi gaban kowa wajen rabon gidajen masaƙa. Sannan ya ce taurin kaina ba daga ƙasa na tsinto shi ba, naki ne, ya nemi a ba shi shayi.

Turakun yanzu su ke tallafe da itatuwan da muka fara dasawa a kwarin. Shi kuwa har yau yana ɗaki biyunsa, kuma babu tabbacin zan ci.

Umma, ki gode masa a madadina. Na gwada sau da yawa, da na buɗe baki sai hawaye su riga ni.

Taki har kullum,
Autarki