Akwatunan Waifai na Gidan Baba

Asabar

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ya aikin makaranta?

Dalilin wannan takarda shi ne na kira wayarki ya fi sau goma tun shekaranjiya, sai daga baya na gane kin toshe lambata. Shi ya sa na turo ta ƙarƙashin ƙofarki.

Akwatunan waifai guda biyu da suka faɗo a rabona cikin kayan marigayi Baba, na falo da na ɗakin zanena, sun daina aiki tun ranar Alhamis. Fitilarsu da take shuɗiya ta koma ja, sai ƙyaftawa take yi. Na kashe na kunna, na zura tsinke a ramin bayansu kamar yadda mai gyara ya ce, ba abin da ya canza. Ya ce matsalar daga akwatin da ke ɓangarenki take, wanda wayar kamfanin intanet take shiga. Ki duba ko soket ne ya saki.

Kin san duk zanen gine-ginen da nake yi ta intanet nake turawa, kuma Alhamis mai zuwa ina da zama ta bidiyo da masu wani babban aiki da na shekara ina bi. Netwok ɗin waya a nan ɓangaren ko saƙon murya da ƙyar yake fita. Ina so a gyara kafin Litinin.

Inna tana lafiya. Ki huta lafiya.

Yayanki

Lahadi

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa. Aiki da godiya, yara suna ta ɓata min kwamfutoci kamar kullum.

Soket bai saki ba. Ni na cire tsohon akwatin da hannuna, na goge masa ƙura, na naɗe shi a tsohon zani na tura ƙarƙashin gado. Na sayo sabo fil, yana nan a kan tebur, fitilarsa shuɗiya shar.

Bari in tuna maka ranar rabon gado, tunda na ga alamar ka manta. Kai ka ce a ƙirga komai, har cokula. Namiji kashi biyu, mace ɗaya, na yarda, Allah ne ya ba ka. Da aka zo kan akwatunan nan Kawu ya ce a bar su tare, ai kaya ɗaya ne. Ka ce kai uku ka ƙirga. Ka zaɓi biyun da suke fes, ka turo min wanda Baba ya ɗiga wa shayi. Ni ce na haɗa wa Baba su, saboda haka na san wanda ka raina shi ne uwar. Naka 'ya'ya ne, ba su iya komai ba sai karɓa daga wurinta su miƙa gaba. Na karɓi abina na wuce da shi ɗaki.

Sati uku bayan haka ka kawo magini ya raba tsakar gida da katanga, ba ƙofa, ko taga babu, ɗakin Inna ya faɗa ɓangarenka. Taku goma sha biyu ne daga ɗakina zuwa nata. Yanzu sai na fita titi, na zagaya ta bayan mai facin taya, na tsaya ina buga get kamar mai talla, ka leƙo ka ce tana barci. Wata takwas da katangar nan, sau biyar na ga uwata, kuma rabona da ita wata huɗu ke nan. Duk wannan lokacin kana shan intanet ɗina ta saman katangar hankalinka kwance.

Sabon akwatin da akwatunanka zamaninsu ba ɗaya ba ne, ba za su taɓa haɗuwa ba. Sau biyu na tambayi mai shagon don in tabbatar. Bawan Allah ya ɗauka abin ya dame ni, har ya fara ba ni haƙuri yana nuna min wani da zai karɓe su. Na ce masa wancan na farkon nake so, ya sa min a leda.

Tun rasuwar Baba ban yi barci mai daɗin na ranar Alhamis ba. Ka gaishe min da Inna, in ta farka.

Ƙanwarka, Auta

Litinin

Auta,

Bayan sallama. Na karanta takardarki, kuma raina ya ɓaci matuƙa. Ban taɓa zaton ƙanwar da na goya zuwa makaranta za ta shiga shago da niyyar cutata ba.

Yau wuni na yi a kasuwa da akwatunan nan a jaka. Shago huɗu na shiga, duk magana ɗaya: kamfani ɗaya ne ya ƙera su da naki, amma sabon ba ya karɓar tsofaffin, kuma irin uwarsu an daina kawowa. Na ce to su ba ni sabo nawa na kaina, suka ce ba wayar intanet a ɓangarena, me zan jona masa? Na je ofishin masu intanet, sun ce sabon layi sai an kafa turke, sati shida in an yi sauri.

Amma mai gyara ya gaya min abin da na tabbata kin sani. Idan aka jona tsohuwar uwar a bayan sabon akwatin da guntun kebul, nawa za su farfaɗo, naki kuma ba abin da zai same shi. Aikin minti biyar ne.

Maganar katanga, likita ne ya ce Inna tana bukatar hutu, kuma kin san ba ma haɗuwa a gabanta mu rabu lafiya. Ban yi don in wulaƙanta ki ba.

Ni yayanki ne, a madadin uba nake a gare ki. Idan ba ki jona ba zuwa gobe, zan kai maganar gaban Kawu.

Wassalam.

Yayanki

Talata

Yaya,

Ina kwana. Da fatan ƙafa ta yi sauƙi, don jiya da la'asar na hango ka a kan tsani ka ɗaga kwamfuta sama kana neman waifai ɗina. Na canza lambar sirrin tun ranar farko. Ban yi dariya da ƙarfi ba, saboda girmanka.

Maganar kebul gaskiya mai gyara ya faɗa maka. Har na saya, rawaya ne, yana cikin durowa da ledarsa. Kawu kuwa ka je, ni ma ina son ya ji sau nawa na buga get ɗin nan aka ce min tana barci, har da ƙarfe goma sha ɗaya na hantsi.

Abu ɗaya nake so. Ƙofa a jikin katangar, daidai inda tsohuwar hanyar ɗakin Inna take, mai faɗin da zan wuce da tire a hannu. Ba ƙyaure, ba kwaɗo, ba sakata. Ranar da na taka ta na gaishe da uwata, ranar fitilarka za ta koma shuɗiya. Alhamis jibi ce, magini kuma lambarsa tana wayarka.

A huta lafiya.

Auta

Laraba

Auta,

Assalamu alaikum. Magini ya gama, yanzu yake kwashe ɓaraguzai. Na sa ya ƙara faɗin a kan yadda kika ce. Simintin gefen bai bushe ba, ki kula da mayafinki.

Zamana ƙarfe goma ne na safe gobe. Ina roƙonki ki jona kafin tara, in samu in tura zanen.

Akwai magana kuma. Idan kin shiga wurin Inna, ki bi ta a hankali, kada ki yi mata tambayoyi da yawa. Ba kullum take yadda kika san ta ba. Abin ya fara kaɗan-kaɗan bayan rasuwar Baba, na ɗauka takaba ce, zai wuce. Da ya ƙi wucewa sai na kasa barin kowa ya gan ta haka, har ke. Na sha ɗaukar biro in gaya miki, ina ajiyewa. Ki yafe min.

Allah ya ba mu alheri.

Yayanki

Alhamis

Yaya,

Salam.

Na shiga jiya bayan la'asar. Na same ta a bakin gado tana ninke kallabi ɗaya tana warwarewa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta matsa min wuri, ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Awa biyu na yi ina tsefe mata kai ina ba ta labarin kaina. Da zan tashi ta riƙe hannuna ta ce, "Kin kyauta, yarinya. In kin koma gida ki gaishe da mahaifiyarki."

Zuwana na ƙarshe ta kira ni da sunana, har ta yi min faɗan rama. Abin da ya rage mata na sanina a cikin wata huɗun nan ya ƙare, ina bayan get kana ce min tana barci.

Na san na yi alkawari. Na karya shi, kuma zan amsa a gaban Allah. Ba zan jona ba, yau ko gobe. Ka jira turkenka.

Katifata na kai ɗakin Inna. In ka wuce ka ganni, ba sai ka gaishe ni ba.

Auta