Mu Tafintoci Mun Yi Shiru

Babana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar nan? Yaya Inna da Auta? Ina fata maganin shansa kake yi, ba ɓoye shi a ƙarƙashin matashi ba.

In ka ji labarin yajin aiki a hukumarmu, kada hankalinka ya tashi. Mu tafintoci ne muka ajiye aiki, yau kwana tara. Sun ƙara mana awoyi, alhali na'urar sauraro tana lalata mana kunnuwa. Nawa na hagu ma yana ɗan yi mini ƙara, amma kada Inna ta ji.

Jiya wakilan ƙasashe suka zauna taro, kowa sai kallon bakin ɗan'uwansa yake. Shugaban sashenmu ya ja ni gefe, ya ce, "Ke da kwantiraginki zai ƙare wata mai zuwa, ki yi tunani." Ni kuwa, Baba, na ce, "Ranka ya daɗe, na riga na yi."

Ƙungiyar tafintoci ta zaɓe ni in yi magana a zaman sulhu ranar Litinin. Shekara shida ina faɗin maganar wasu, sai yanzu zan faɗi tawa. Ka sa mini albarka, kada muryata ta yi rawa.

Allah ya bar mana kai.

'Yarka mai surutu