Amsar da Ban Ba Ka a Chomoni ba

"Tsaya da ƙafar nan wuri ɗaya, Malama mai digiri, ko in bar miki ƙayoyinki ki kai su jami'a ki yi musu lacca!"

Inna Echata ke nan, ya Nassuf, sanyin idanuna, ruwan kwakwata a tsakar azahar, inuwar da nake ta kewayewa alhali rana na gasa ni! Ka ga kalmomin da ka jawo mini? Ni da ɗalibai ke cewa gaisuwata ma sai an shiga rana kafin a warware. Ta ɗora ƙafata a cinyarta tana ɗiga mini farin ruwan ɗanyen gwanda, ni kuma na ɗora takarda a gwiwa, saboda ƙanwarka ta ce ka karɓi aikin kula da kunkurun teku a tsibirin Mwali, wanda ka daɗe kana ja wa rai, kuma jirgin ba zai jira ni in gama yanga ba.

Ka tuna gaɓar tekun Chomoni? Baƙaƙen duwatsun nan da Kartala, dutsen nan mai aman wuta, ya amayo, na rubuta littafi guda a kansu, Turawa suka tafa mini, amma ban taɓa tsoma fuskata a ruwan da ke wanke su ba. Da ka ce mu je, na wuni ina niƙa icen kwalliya na msindzano a kan dutse, na shafe fuska ta yi rawaya kamar wata ɗan daren sha huɗu, na ce maka don rana ne. Don rana! Wace rana ce ta taɓa sa ni duba madubi har wuyana ya ƙage?

Ka ɗaura mini gilashin nutso, ka sa mini bututun numfashi a baki, ka zura faffaɗan takalmanka na iyo, ka riƙe hannuna muka kwanta a kan ruwa. Ruwa ya ɗan shiga, ƙullin fuskata ya narke. Kai kana nuna mini shuɗin kifi da murjani da kunkuru mai tafiyar sarauta, ni kuwa kunu kawai nake gani. Ina ta gyaɗa kai kamar mai duba jarrabawa. Wallahi ban ga komai a tekun nan ba, ya hasken zuciyata. Hannunka kawai na sani, da ɗuminsa cikin sanyi, kuma da an bar ni da haka har Maka ma sai in yi iyo.

Sai na miƙe tsaye daidai inda ka ce kada in tsaya, a kan bushiyar teku, mai ƙayoyin nan da Inna ke cire mini yanzu. Ka ciccibe ni ka ajiye a kan dutse mai zafi, zanena ya manne, fuskata ta yi zane-zane kamar bangon da damina ta daka. Duk faɗin duniya, a nan ka ga ya dace ka ce: "Zalhata, gidan nan da kawunki ya gina miki, babu ɗan lungun da mutum zai ajiye takalmansa?"

A ƙasarmu da miji ke tarewa a gidan matarsa, ai neman aure ke nan. Me na ce? "Waɗannan na agwagwa? Akwai wuri a bayan gida, kusa da akurki."

Ka yi dariya kaɗan, irin ta baƙon da aka ce masa masu gida sun fita. Ka tattara kayan, ka kawo ni gida, ba ka sake tayar da zancen ba. Kaicon bakina! Ya saba riga zuciyata isa wuri, ya ɓata komai kafin ta ƙaraso tana haki. Tsoro ne, Nassuf. Na so ranar da za ka tambaya ka same ni a tsaye, da kwalliya, da amsa mai hikima, sai ka same ni jiƙe ina ɗingishi. Ashe jiƙaƙƙiyar nan ce kake so? Wace irin zuciya ce wannan taka, mai faɗi kamar teku a kwance?

Ga amsar, ba gishiri ba yaji: akwai wuri. Akwai ɗaki mai taga ta gabas, akwai gefen gado da iska ke bi, akwai ni. Idan Mwali ta zama dole, ka tafi da alkawarina, kunkuru ma suna dawowa gaɓar da suka sani. Amma kada ka hau jirgin nan kana zaton akurki na ba ka.

Inna ta leƙo takardar ta ce, "Duk wannan surutun don ki ce i? Mu a zamaninmu kallo ɗaya ne." Ta ce a ba ɗan aike, ƙafar ba ta takuwa. Na ƙi. Da kaina zan kawo, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, unguwa ta sha kallo.

Roƙona ɗaya ne. Idan na iso ka buɗe, na ɗaga gira na faɗi wata baƙar magana, kada ka saurare ni. Ka karɓi takardar daga hannuna ka karanta, ni zan tsaya a nan har ka gama.

Ga Inna can tana ƙwala mini kira in dawo a ɗaure ƙafar. Na ja ƙofar.

Taka, yau da gobe da ranar da bakina zai sake ɓata,
Zalhata