A Kai Inna Sabuwa Buza Kafin Damina

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ni Irmiya ɗan Gajere, ma'aikacin jinya a asibitin mishan, nake rubuta wannan cikin watan Janairu na 1966. Hankalina garau yake, ban sha maganin da ke sa barci ba. Ƙirjina ne ya lalace. Na ga hoton huhuna da idona, kuma bara a lakwal, makarantar jinya, aka koya mini karanta irinsa, don haka ba na ruɗin kaina.

Maryamu, ke kin iya karatu. Altine, kai uwarka Lydia za ta karanta maka har ka girma.

Na ɗaya. Ku san ko ni wane ne a takarda. An haife ni a wani ƙauye kusa da Gwadabawa, a Najeriya. Cin rani ya kawo ni wannan ƙasa, na fara da wankin miki a asibiti, na auri uwarku 'yar Tama. A lokacin ba mai tambayar inda aka haifi mutum. Bayan samun 'yanci sai na zama baƙo mai takardar izinin aiki, wadda ake sabuntawa kowace shekara. Da na gama karatu na karɓi diflom, na nemi aikin gwamnati a Madawa, na nema a Buza, na nema a Keita. Ko'ina an karɓe ni da mutunci, an yaba makina, aka ce gurbin na ɗan ƙasa ne. Ba wanda ya zalunce ni, kada ku riƙe kowa a zuci.

Na biyu, kuma shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ku biyu a Tama aka haife ku, a ɗakin kakarku, amma ba a rubuta ku a ko'ina ba sai a bayan takardata, a matsayin iyalin baƙo. Ranar da na rasu takardar ta mutu. Inna Sabuwa ungozoma ce ta yanke muku cibiya, ita ta binne ta a gindin katangar gabas. Ta tsufa, ƙafafunta sun kumbura, kuma na san abin da kumburin ke nufi. A ɗora ta bisa jaki, a sa mata matashi, a kai ta Buza ta yi shaida gaban alƙali cewa a Tama aka haife ku, kafin damina ta cika kwari hanya ta yanke. An ce mini a biro, ofishin gwamnati, yaron da aka haifa nan, uwarsa 'yar ƙasa, yana da hanyar zama ɗan ƙasa. Ban gan shi a rubuce ba, a sake tambaya. A saya mata goro, tana son fari.

Na uku. Kawunku Umaru, yayan uwarku. Da ya ga ina yawon biro, ya ce zai zo da dattijo ɗaya su rantse a Tama aka haife ni, kamar yadda aka yi wa wasu. Na ƙi. Ya ji zafi, ya ce na ƙi zama ɗan'uwansa. Ni kuwa ba zan iya kallonsa yana dafa Littafinsa a kan abin da bai faru ba, saboda ni. Ya daina yi mini magana, amma damen geron da yake aiko mana bai taɓa fashi ba da kaka. Kada wani ya gaya muku gaba ce. Ku gaishe shi da durƙuso. In ana azumi kada ku ci abinci a gabansa.

Na huɗu. Yohanna ƙanena zai zo ya ce a ba shi ku, ya kai ku gida wurin dangin uba. Yana da gaskiyarsa, al'ada ta ba shi. Yohanna, ina roƙonka ka bar su. Can ba su san rijiyar kowa ba, kuma in sun ƙetara iyaka kafin a rubuta su, za su dawo nan baƙi kamar ni. Kekena naka ne, don ka riƙa zuwa duba su. Kada kai da Umaru ku ɗaga murya a gaban Lydia.

Na biyar. Littafi Mai Tsarki na Lydia ne. Littattafan lakwal da ƙamus na Faransanci na Maryamu ne, kada a cire ta daga karatu ko da an ƙi damina. Agogon da nake ƙirga bugun jini da shi na Altine ne; yana gudu kaɗan, a riƙa daidaita shi da ƙararrawar sujada. Diflom ɗina a naɗe shi cikin leda saboda gara. Ban yi aiki da shi yadda na so ba, amma ku gan shi. Ba wanda ke bina bashi.

Na shida. Baƙon da aka ara wa lambu ba ya dasa itace, don kada a ce yana neman ƙasar. Shekarar da aka haifi Maryamu Umaru ya ce in dasa lemo a lambun kwari da ya ara mana, na ji tsoro, sai ya dasa da hannunsa. Ranar kasuwar da ta wuce ya zo asibiti, ya zauna bakin gadona. Da zai tashi ya ce ya share wuri a tudun da ke bayan lemon, inda ruwa ba ya kaiwa, kuma fasto ya zo ya yi addu'arsa ba mai hana shi. Can za a kai ni, kada a wahalar da gawata zuwa iyaka.

Ubangiji ya sa muku albarka, ya tsare ku. Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna, ku ci a akushi ɗaya da 'ya'yan Umaru da 'ya'yan Yohanna. In kun girma kun je neman aiki aka tambaye ku ina ne gida, ku ce Tama, ba tare da gabanku ya faɗi ba. In an ce ina ubanku, ku ce yana nan bayan lemo.

Mahaifinku,
Irmiya