Ɗakin Gwaggo da lajna ta ce babu shi

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat.

A Karantina aka haife ni, nan Jidda. Kakanmu ya samu takardar zama ɗan ƙasa tun da daɗewa, shi ya sa da aka zo rusau gidanmu ya shiga cikin waɗanda za a biya diyya. Masu ƙiyasi suka duba hoton da aka ɗauka ta sama, suka rubuta ɗaki biyu da tsakar gida, alhali uku ne. Na ukun na Gwaggo ne. Ba jininmu ba ce, ta zo hajji da mijinta tun ba a haife ni ba, ya rasu a nan, kakata ta riƙe ta, ba iƙama, wato katin izinin zama, ba fasfo. Ita ta goya ni, ta goya ƙannena kaf.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya gina mata ɗakin, kuma da gangan ya ɓoye shi, yadda gidaje da yawa a layinmu suke yi. Ba ƙofa ta waje, sai ka ture kabad ɗin kicin za ka shiga, rufin kuma ya jibge shi da tsoffin tayoyi da katako, mai kallo ya ɗauka bola ce. Mu kuwa kafin mu iya Fatiha mun iya amsa ɗaya, in baƙo ya tambayi wa ke ciki ka ce babu kowa.

Na ɗaukaka ƙara gaban lajna, wato kwamitin da ke sauraron wanda bai yarda da ƙiyasin gidansa ba, har da dattawan gari masu sanin harkar gidaje a cikinsu. Wallahi ba su wulaƙanta ni ba, har ruwa aka ba ni. Wani mai farin gemu ya ɗora yatsa a kan tayoyin nan na cikin hoton, ya tambaye ni a hankali wa yake kwana a nan. Ni da gemuna da 'ya'yana, sai ji na yi bakina ya ce babu kowa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce halas, shi ke nan, in akwai wanda ya zauna a ciki a kawo shi ya shaida a zama na gaba, in babu ƙiyasi yana nan yadda yake.

Tun ranar ban dawo daidai ba. Hanyar aikina ta yankin masana'antu ta tsohuwar unguwarmu take bi, fili ne fetal yanzu, nakan tsaya in yi ta neman inda ɗakin yake in rasa. Amma da rana tsaka sai in ji ƙarar jan kabad ɗin nan a bayana, in waiga, ƙasa ce kawai da baraguzai. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Yanzu a gidan ƙanwata muke cunkushe, Gwaggo a kicin take shimfiɗa, mai gadin ginin har ya fara tambayar wace ce tsohuwar nan. Diyyar ɗaki biyu ba za ta kai mu ko'ina ba sai irin wannan ginin mai idon jama'a. Da na ukun za mu iya samun ɗan gida a bayan gari mu ware mata ɗaki. To amma in ta bayyana gaban lajna, katin iƙamarta za a fara tambaya, daga nan kuma ana iya mayar da ita ƙasar da ba ta da kowa, ko sunan ƙauyensu sai ta yi dogon tunani take kawo shi.

Ƙanwata ta ce zan sayar da tsohuwa saboda ɗaki, muka yi kaca-kaca. Umma ta ce kada wanda ya gaya wa Gwaggo maganar, sai ga matata ta yi suɓutar baki. Na zaci Gwaggo za ta yi kuka, ba ta yi ba. Ta sa aka goge mata abayarta ta rataye, ta kira ni ta ce, “Ɗan nan, yalla, tashi ka kai ni. Rayuwata duk a ɓoye na yi ta, ko sau ɗaya a rubuta cewa na taɓa zama a wani wuri.”

Zaman ya matso, kullum da safe sai ta tambaye ni ko yau ne. Jama'a, in kai ta ko in ce mata an ɗage? In ku ne, wanne za ku iya ɗauka?