Ƙuna ta Biyu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran duka, nawa da naki. Yaya ƙafar taki? Kada ki bari ƙaramin nawa ya hau kanki, kin san shi da wayon zomo.

Mun iso lafiya. Wurin baje kolin wani makeken zaure ne mai rufin kwano, cike da masu saƙa da masu tukwane da masu sabulu. Baban yara ya jera farantansa na katako da madubban da ya yi wa bakin katako, ni kuma ina naɗe wa masu saye kaya. Kin ce in fito in sha iska, in ga mutane. To, ki ji inda aka ajiye mu: daura da rumfar masu koyar da aikin gilashi. Dogon tebur ne, an kafa bakunan wuta a kansa irin na masu walda, kowanne da tiyonsa zuwa tukunyar gas.

Ke da kika yi jinyata bayan gas ya tashi a kicin ɗina, kike aiko mana da abinci har yau, kin san ko ashana aka ƙyasta sai na bar ɗakin. Da suka kunna na farko, na ji wannan hucin, sai tsintar kaina na yi a bayan zauren, bakin famfo, ina riƙe da hannuna mai tabo. Baban yara ya nemi a sauya mana wuri, aka ce ko'ina ya cika. Ya ce mu tattara mu koma gida. Na dubi kayan da ya yi watanni yana gogewa, na ce ba inda za mu je. Na juya kujerata na ba su baya. Haka nake wuni.

Ki sa ni a addu'a. Ki gai da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Da fatan kun tashi lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Na ba masu gilashin baya, amma madubban baban yara suna gabana, sai ga rumfar tasu ɓaro-ɓaro a ciki. Na yi ta satar kallo. Ana sa sandar gilashi a wuta, ta yi ja, ta yi laushi kamar zuma, a naɗa ta a tsinken ƙarfe ana juyawa har ta zama dutsen wuya. Mai koyarwar wata dattijuwa ce siririya, 'yan kasuwa suna kiranta Uwar Wuta. Ashe ita ma tana ganina a madubin. Sai ga ta a kaina tana cewa, "Baiwar Allah, idonki zai karkace. Zo ki kalla da kyau, ba a biyan kuɗin kallo."

Ta ga hannun kafin in ja mayafi. Ba ta yi salati ba, ba ta ce wayyo ba, kamar yadda kowa ke yi. Cewa ta yi, "Gas ne ko man suya?" Na ce gas. Ta ce, "To, ke ba kunnawa za ki fara koya ba, kashewa."

Washegari da safe, kafin ɗalibai su zo, ta zaunar da ni gaban tukunya, babu wuta ko ɗaya. In buɗe, in rufe. In shafa kumfar sabulu a tiyo in duba ko iska na fita. Sannan ta kunna nata can ƙarshen tebur, ta ce in kashe mata daga tukunya. Na murɗa, wutar ta mutu. Ta sake kunnawa, na sake kashe ta. Yaya, ban taɓa sanin abin nan yana jin magana ba. Na yi kuka, ita kuwa ta ci gaba da goge tabarau ɗinta kamar ba ta gani ba.

Yanzu an sa ni cikin aji. Kusa da ni wani tsohon direban bas ne da ya yi ritaya, yatsunsa kamar taɓarya. Duk dutsen da ya yi sai ya fito kamar dankali, ya ɗaga ya nuna wa kowa yana alfahari. Ni har yau Malama ce ke kunna mini, kuma duk sandar da na sa sai ta fashe, don ina cusa ta da sauri in huta. Ta ce gilashi ba ya son mamaya, a hankali ake gabatar da shi ga zafi. Direba ya ce ai haka ake shiga gidan surukai.

Kada ki faɗa wa yara tukuna, ko da abin zai gagara.

Taki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, da fatan kowa lafiya. Albishirinki: na ƙone!

Kada gabanki ya faɗi, ɗan yatsa ne, bai kai ƙwayar wake ba. Ga yadda aka yi. Yau ce ranar rufe kasuwa, jama'a sun cika zauren. Na zauna ina jiran Malama ta kunna mini, sai ta ajiye abin ƙyastawar a gabana ta tafi wajen Direba, ba ta ko waiwayo ba. Na daɗe ina kallonsa. Na duba tiyo, na yi bismillah, na murɗa, na ƙyasta. Hucin ya taso, amma ban gusa daga inda nake ba.

Na ɗauki shuɗiyar sanda na ɗumama ta sannu a hankali, ba ta fashe ba. Na naɗa, na juya, na ɗiga farin gilashi a kai. Dutse ya fara kama siffa, kyakkyawa, zagayayye. Ina cikin haka na miƙa hannu in ɗauki wata sanda, ashe bakin mai zafi na damƙa. Kin san abin da ƙanwarki ta yi? Tsaki na ja, na ce wa sandar, "Ke dai ba ki da mutunci," na ci gaba da juya tsinken, don in na tsaya dutsen zai zube gefe guda. Sai da na gama, na sa shi a akwatin ɗumi inda yake hucewa don kada ya tsage, na kashe wutata, sannan na tsoma yatsa a ruwa. A nan ne na gane abin da ya faru: na ƙone, kuma ban gudu ba.

Na ɗaga kai, sai ga baban yara tsaye, ya bar rumfarmu a buɗe, masu ciniki suna jira. Sai ya shiga goge ido da gefen riga, wai ƙurar katako ce. Malama ta kama yatsan ta duba ta ce, "Yawwa, kin zama 'yar gida. Kowa a teburin nan da irinsa." Direba ya miƙo nasa hannun, har wuri uku, yana neman a yaba masa.

Da yamma aka buɗe akwatin, dutsena ya fito lafiya lau. Malama ta jera shi cikin aikin ɗalibai a gaban rumfa. Wata mata ta tsaya ta tambayi wa ya yi, na ce ni ce, kuma da wannan hannun na nuna mata, ban rufe shi ba.

Malama ta ba ni kwatancen shagonta, ta ce akwai sauran aiki a gabana. Gobe za mu kamo hanya in Allah ya yarda. Ranar da muka iso kada ki aiko da komai. Ki kwaso yaran ku zo da yunwarku. In gishiri ya yi yawa ki ci ki yi shiru, hannu ya daɗe bai riƙe ludayi ba.

Allah ya saka miki da alheri, ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta