Iyafis Ɗin da Ya Raba Ni da Arɗo

Zuwa ga Alhaji mai shagon kayan waya a cikin garin Dutse, wanda ya rubuta a allon ƙofarsa cewa yana auna kunnen mutum ya haɗa masa iyafis, wato abin sauraren waya na sawa a kunne, daidai da shi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka barka da kasuwa. Ya iyali, ya ciniki? Na ga kwanan nan an sake wa shago fenti, Allah ya sanya albarka.

Za ka lura ban sa sunanka ba. Ba mantuwa na yi ba, Alhaji. Sunan yana nan a bakina, ajiye shi na yi, kuma kafin ka kai ƙarshen takardar nan za ka san ranar da zan fito da shi. Na zaɓi in rubuta a bainar jama'a ne saboda a bainar jama'a ka yi mini dariya.

Ko ka manta da ni, bari in tuna maka. Ni ne dattijon nan mai jan babur daga Limawa, tsohon malamin gona. Tun da na ajiye aiki, abin da ya rage mini shi ne shiga tsakani. In shanu sun faɗa gonar wani a ƙauyukan da ke hanyar Miga, ni ake kira. In je in duba ɓarna, in zaunar da manomi da makiyayi a gindin bishiya, in yi ta jan zance har zuciya ta sauka a yi musabaha. Ba ni da albashi a kan haka, ba ni da ofis. Jarina duka shi ne kowane ɓangare ya yarda ni ba na wancan ɓangaren ba ne. Wannan jarin ka taɓa.

Na ɗaya, abin da na zo nema a shagonka.

Wanda ya saba doguwar tafiya a babur ya san yadda iska ke kururuwa a cikin hular kwano. In na sauka, kunnena ya yi ta ƙara kamar gyare ya tare a ciki. Ga waya kuma, kullum sai ina tsakiyar hanya za a kira, in tsaya in yi ta lalube a ƙarƙashin babbar riga har kiran ya katse. Iyafis irin na kasuwa na gwada su, da na sa hula sai su zame. Shi ya sa da na ga allonka na shigo. Na faɗa maka da Hausar da kowa ke ji: ina son abin da zai rage mini ƙarar iska, in riƙa amsa waya, amma kada ya hana ni jin hon, kada ya hana ni jin muryar mutum. Har na ce maka sana'ata ji ce, kowa a wurin ya yi dariya, kai ma ka yi.

Ka nuna mini iri biyu. Ɗaya sai an aika Kano, yana da ɗan rami kamar na allura wanda murya ke shigowa ta cikinsa, kuɗinsa kuwa ba na ɗan fansho ba ne. Ɗaya kuma a nan shago kake haɗawa. Na tambaye ka bambancinsu, ka dafa ƙirji ka ce babu, sai dai suna, wai shi ma na shago za ka bar masa ramin. Na zaɓi mai sauƙi, kuma ba na jin kunyar haka, don daidai aljihuna na tsaya.

Ka zaunar da ni a benci, ka cuɗa wani danƙo kamar ƙullun ɗanwake, ka cusa mini a kunnuwa, ka ce kada in yi magana sai ya daskare. Na yi shiru, masu wucewa suna leƙe na. Abin da maiɗakina ta yi shekaru tana nema ba ta samu ba, kai ka samu a zama ɗaya. Da na dawo karɓa, ya zauna a kunne ɗas, ban ƙi gaskiya ba. Na nemi ramin ban gani ba, ka ce a ciki yake, idon tsoho ba zai gan shi ba. A cikin shago ka gwada ni, bakinka kusa da fuskata, na ji ka sama-sama, na yarda. Ba ka ce in tayar da babur mu gwada ba, kuma kai ne mai sana'ar.

Na biyu, abin da ya faru.

Wata Laraba a ƙarshen damina na nufi Miga ta'aziyya, iyafis ɗinka a kunnuwana. Ba abin da na kunna a kunnen, ko karatu. Shiru kawai, mai daɗi, har ina yi maka addu'a a zuciyata. Ashe a daidai wata kwana, bayan dogayen karan dawa, manoma sun tsare shanun Arɗo saboda sun shiga gonar wake. Arɗo shi ne babban makiyayan wannan yanki, ya girme ni, kuma tun ina aiki muke tare. An kai ga ɗaga murya, samari sun fara gyara riƙon sanda. Sai ya ji ƙarar babur ɗina, wadda ya sani kamar kukan saniyarsa. Ya ce wa jama'a su dakata, ga Malam nan Allah ya kawo, shi zai raba.

Ya ratso cikin dawa ya fito titi daidai lokacin da na gota. Ya yi mini sallama. Ya kira sunana. Ya sake kira da muryar da yake kiran garke daga ƙetaren fadama. Da ya ga ban juyo ba, sai ya bi ni da gudu. Alhaji, ka tsaya a nan ka kwatanta: dattijo mai farin gemu, wanda 'ya'yansa ba sa zama in yana tsaye, yana gudu a bayan babur, takalminsa ɗaya ya fita, a gaban 'ya'yan nasa, a gaban mutanen da suka tsare masa shanu. Ni kuwa na miƙe abina, kai a sama, ina jin daɗin iyafis. Wani daga cikin manoman ya ce ai ko Malam ya gaji da ku. Aka fashe da dariya.

A ƙasar nan ana iya yafe wa mutum abubuwa da yawa, amma a yi maka sallama ka wuce, a kira sunanka ka ƙi waiwaye, wannan magana ce ka yi, kuma kowa ya ji ta. Rigimar da da zama ɗaya za ta mutu ta tafi har wurin hukuma, abin da bai taɓa faruwa ba tsakanin rugar nan da ƙauyen nan. Sai da Arɗo ya rabu da bijimi guda wajen biyan ɓarna.

Ni duk ban sani ba. Na je rugar bayan 'yan kwanaki da goro a aljihu. Ba a shimfiɗa mini tabarma ba, ba a kawo nono ba. Arɗo ya amsa gaisuwata a tsaye, a gajarce, shi da kan tambaye ni lafiyar kowa har ta babur. Ƙanensa ne ya raka ni bakin burtali ya ba ni labari. Na koma na ciro abin na nuna wa Arɗo, na rantse. Ya dubi ɗan abu kamar ƙwallon dabino a tafin hannuna, ya ce bai taɓa jin ɗan wannan ya toshe kiran da saniya ke ji daga nesa ba. Ya ƙi ko taɓa shi. Da ni ne shi, ni ma ba zan yarda ba.

Na uku, abin da ka ce da na dawo.

Na sa an tsaga ɗayan da reza a gabanka. Babu rami, ba a ciki ba, ba a waje ba. Danƙo ne tsura ka liƙa wa iyafis ɗin kasuwa. Ba ka ba ni haƙuri ba. Ka ce toshe ƙara ai shi ne alamar mai kyau. Sannan ka juya wurin samarin da ke jiran cajin waya, ka ce kunnen Baba ne ya tsufa yake neman wanda zai ɗora wa. Suka yi dariya. Na ji ka sarai, Alhaji. Da tsohon kunnen na ji ka.

Na huɗu, abin da nake nema.

Kuɗina ba na so, ka riƙe, ka ƙara fenti. Abu ɗaya nake so. Ka rufe shago rana guda, ka hau bayan babur ɗina mu tafi rugar Arɗo. Ka faɗa masa da bakinka abin da na roƙa da abin da ka ba ni. Sannan ka haɗa wa kanka irin nawa, ka sa a kunnenka, ka kifa hular kwano, in tayar da babur, Arɗo ya tsaya a bayanka ya kira ka iya ƙarfinsa a gaban 'ya'yansa da manoman nan. Su ga ba ka juyo ba. In suka yi maka dariya, ka daure, mu ma an yi mana. Bayan haka ka goge allon nan, ko ka riƙa faɗa wa duk mai babur gaskiya kafin ka cusa masa danƙo, don wani ba sallama zai rasa ji ba, hon ɗin babbar mota ne.

Dawa ta kusa nuna. Da an yi girbi shanu za su gangaro kara, kuma lokacin ne ake fi samun rigima. In har zuwa ranar Arɗo bai koma shimfiɗa mini tabarma ba, babu mai shiga tsakani a wannan hanya, kuma abin da ya biyo baya da hannunka a ciki.

Saboda haka wa'adinka shi ne ranar da aka sare karan farko. In ta zo ba ka zo ba, ba zan kai ka ƙara ko'ina ba. Ni a gaban kakata na tashi, a bakinta na koyi yadda ake ba da labari ya zauna a kan mutum har jikokinsa. Ba ni da aikin yi, ina da babur, kuma ba suna ko ɗaurin aure da ake yi daga Limawa zuwa Buji ba a gayyace ni ba. A kowace tabarma zan ba da labarin nan, da sunanka, da na shagonka, da kwatancen ƙofa. Zan rataye tsagaggen iyafis ɗin a kan babur. Ranar da ba taro, in zo in zauna a bencin nan naka, ai ka san na iya zama a kansa, duk wanda ya shigo in ba shi ya duba ko zai ga ramin, tun da idona ya tsufa. Ban yafe ba, kuma ba na gaggawa.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya kai ka shekarun da za a kira ka Baba a gaban yara. Allah ya buɗa maka kasuwa ta halal, ya ba ka ikon jin wannan kira tun ba a kai ga bin ka da gudu ba.

Na sa an sake wa kujerar baya soso. Ka zo da hularka.

Wassalam.

Malam Idi, tsohon malamin gona,
Limawa, Dutse.